Bilendar Goggo

Kwana tara ke nan Goggo ba ta sa abin kirki a cikinta ba, in ban da ruwa cokali biyu ko uku da ake lallaɓa ta ta haɗiye da magani. Raihana ce ke ƙirga kwanakin, don ita aka bar wa jinya, kuma ta san in wani abu ya faru ita dangi za su fara kallo.

Goggo mahaifiyar mijinta ce, Hamman. Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Doguwa, siririya mai kaifin ido, wadda ta shekara arba'in tana kaɗa nono kowace safiya kafin ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi gari. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin garke, ya shanye mata hannun dama da ƙafa, ya ɗan karkata mata baki. Da aka sallame ta daga asibiti, Hamman ya kawo ta gidansa na Tudun Wada, ciki da falo da ɗan tsakar gida. Kwana biyu da zuwanta tirelar shanun da yake rakawa Kudu ta cika, ba yadda ya iya, ya tafi yana waiwaye.

Tun a asibitin abin ya lalace. Wata 'yar'uwa ta dama mata fura da ludayi, gaya guda ya tsaya mata a maƙogwaro, ta ƙware har idanunta suka firfito. Daga ranar ta rufe bakinta, ba ci ba magana. Raihana ta yi koko, ta yi kunun gyaɗa, ta yi farfesun kaza ta tace romon. Goggo sai ta dubi kwanon, ta dubi hannunta da ke yashe a gefe, ta juya fuska bango. Sau ɗaya tak ta yi magana, can ƙasa-ƙasa, ta ce ita da ba ta iya dama wa kanta fura, ba ta ga abin da take jira a duniya ba. Raihana ta shiga kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

A safiyar kwana na tara Sista Kaltume ta shigo. Nas ce, maƙwabciyarsu, mace mai faɗar magana yadda take ko da za a ji ciwo. Ta ja fatar hannun Goggo ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kafin ta kwanta.

"Raihana, zo nan," ta ce, ta ja ta bakin ƙofa. "Matar nan bushewa take yi. Fura ta sani, fura za ta sha, amma kada a samu gaya ko da kamar ƙwayar gero. Ludayi ba zai yi miki ba, je ki nemo bilenda. Na ba ku zuwa jibi da safe. In ba ta ci ba, asibiti za mu koma a zura mata roba ta hanci."

Ba ta rage murya ba, don ba ta iya ba. Goggo ta ji komai. Ta kai hannun hagu ta ja mayafi ta rufe fuskarta har hancin.

Raihana na shirin fita sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Kawu Inuwa ne, ƙanen Goggo, ya taso daga ruga da ƙwaryar kindirmo an rufe da faifai an ɗaure da zani.

"Ba a taɓa shi ba," ya ce yana sauke ta a hankali. "Yadda ya kwana haka na ɗauko. Ko ƙanshin gida zai sa ta buɗe baki."

Raihana ta durƙusa ta yi godiya. Ta ɗaga faifan ta ga nono ya kama kankan, samansa ya yi kauri ya ɗan yi rawaya. Ita dai a birnin Kano ta girma, nonon da ta sani shi ne wanda ake auno wa a kofi a ƙofar gida, fari, mai ruwa-ruwa. Ta ce a ranta wannan kam mai kyau ne, ta ajiye ƙwaryar a gindin randa, ta bar Kawu wajen 'yar'uwarsa ta nufi kasuwa.

Shagon Maikano yana layin masu kayan wuta, tsakanin mai fanka da mai gyaran rediyo. Mutum ne gajere mai fara'a, wanda in ya fara yabon kayansa sai ka rantse da hannunsa ya ƙera su. Raihana ta tsaya gaban kanta ta rasa ta ina za ta fara. Bilenda har kala goma sha wani abu, manya da ƙanana, ja da baƙa da fara, wata da kofi ɗaya, wata da 'ya'ya jere a gefenta.

"Malama, ga wadda ta dace da ke," in ji Maikano, ya rungumo wata ƙatuwa. "Kofi uku gare ta. Tana markaɗe, tana yanka albasa, tana kwaɓa fulawa, tana niƙa citta. Wannan in kika kai ta gida, ke da mai injin markaɗe sai gaisuwa a hanya."

"Malam Maikano, ba gidan abinci zan buɗe ba. Kicin ɗina in na shiga da tukunya, sai na juya da dabara nake fita. Kanta ɗaya ce, risho na kanta, kwanuka na kanta. Ina zan ɗora wannan?"

"To, to. Wutar gari ce ko sola?"

"Sola ce, 'yar ƙarama. Fanka biyu, ƙwai huɗu, sai cajin waya."

Maikano ya mayar da ƙatuwar mazauninta ba musu. "Manta da ita. Wannan tana tashi gidanki zai mutu ɗif. Me za ki riƙa yi da ita?"

"Fura. Ta marar lafiya. Ba a son gaya ko ɗaya."

Nan fara'ar ta ragu a fuskarsa, ya yi mata sannu, ya koma mai magana a nutse. Ya sauko da ƙanana guda biyu, ɗaya mai kofin roba, ɗaya mai kofin gilas. Ya ce na roba ba ya fashewa kuma ba nauyi, amma ranar da attarugu ya shiga cikinsa, sai dai a haƙura, ko da wane sabulu aka wanke sai marar lafiya ya ji yaji a furarsa. Na gilas kuwa yana son kula, amma ba ya riƙe wari, kuma kana ganin abin da ke ciki. Ya kifa kofin ya nuna mata wuƙaƙen, guda huɗu, biyu sun kalli sama biyu sun kwanta. Raihana ta auna gindin da tafin hannunta, ta ga zai zauna a gefen risho. Ta ce ta gilas ɗin.

Maikano yana da ɗabi'a guda, kaya ba ya barin shagonsa sai an gwada a gaban mai saye. Ya leƙa waje ya ƙwala wa wata mai tallan nono kira, ya karɓi kofi biyu da curin fura ɗaya. Ya zuba, ya rufe, ya danna. Injin ya yi ƙugi, furar ta yi juyi uku ta ɓace. Ya tsiyaya mata a cokali, ta murza tsakanin yatsunta. Sumul, ko tsaki babu.

Raihana ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta rungumi kwalin ta hau babur, tana ta yi wa Allah godiya a hanya.

Ta tarar Kawu Inuwa ya koma, don shanu ba sa jira. Ta wanke kofin sau uku. Ta gutsura fura a ciki, ta ɗebo kindirmon ruga da ludayi, ta fi ɗebo na saman ma, don a ganinta nan daɗin yake. Ta ƙara ruwan randa mai sanyi, ta rufe ta danna. Maikano ɗan lokaci kaɗan ya bar shi, amma Maikano bai ga idanun Goggo ranar da ta ƙware ba. Raihana ta bar injin yana ta gudu. In ya ɗumama ta kashe ya huta, ta sake dannawa, har sau huɗu, don kada ta bar wa gaya hanyar tsira.

Da ta buɗe murfin, sai da ta ja baya.

Gudaji ne. Gudaji fal a saman furar, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun haɗe sun manne a jikin gilas. Ba launin fura ba ne, wani fari ne mai rawaya-rawaya. Ta sa yatsa ta lakato ta murza, ya narke mata da santsi, ta sa ruwa ya ƙi fita. Ta san wannan santsin. Ta sha ganinsa a hannun makanikin da ke bakin layinsu in yana cusa wa ƙafar babur sabon giris.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a fili. "Man inji!"

Ta kai hanci ta sunsuna, ba ta ji komai ba sai ƙanshin nono. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Ashe da ba ta duba ba, da haka za ta ɗura wa uwar mijinta giris da hannunta, tsohuwa ta haɗiye ba ta sani ba. Ta saci jiki ta bayan taga don kada Goggo ta gani, ta juye kofin kaf a kwata, ta bi da bokitin ruwa.

Da la'asar Hamman ya kira daga hanya, ƙarar mota na cinye rabin maganarsa.

"Giris? A cikin fura? Ke kin tabbata?"

"Da hannuna na taɓa."

"Ki mayar masa gobe da sassafe. Mutanen nan ba sa tsoron Allah." Ya rage murya. "Ta ci wani abu?"

Raihana ta ce har yanzu dai ba ta ci ba. Bai sake tambaya ba.

Washegari Maikano bai gama jera kaya ba ta dire masa kwalin a kan benci. Raihana mace ce mai kunya, amma ranar ta bar kunyar a gida.

"Malam Maikano, ka ji tsoron Allah! Na ce maka ta marar lafiya ce, ka ba ni injin da ke zubar da giris a cikin abinci?"

Maikano ya saki baki. "Giris? Malama, giris fa kika ce?"

"Giris! Fal a saman furar!"

"La'ilaha illallahu. Shekarata goma sha biyu a wannan sana'a. An kawo mini wadda ta ƙone, an kawo wadda ta fashe, an kawo wadda aka jefa wa cokali. Wallahi ban taɓa jin wadda ta yi aman giris ba. Ina shi? Kin zo da shi?"

"In ajiye guba a gida? Na zubar."

Mai fanka ya matso, mai gyaran rediyo ya ajiye abin da ke hannunsa, masu wucewa suka fara tsayawa. Maikano, gumi na keto masa, ya kwance gindin kofin a gaban kowa, ya zaro zoben robar ya ɗaga sama. A bushe yake ƙayau. Ya goga farin ƙyalle a jikin wuƙaƙen, ƙyallen ya fito fari. Ya mayar ya ɗaure, ya cika kofin da ruwa, ya bar injin ya yi ta gudu har ya yi zafi. Ruwa ya fito garau. Aka kira mai nonon jiya, aka sake zuba nononta da fura, aka kunna aka kashe har sau huɗu yadda Raihana ta ce ta yi. Mai gyaran rediyo ya karɓa ya shanye, ya lashe baki, ya ce shi kam in giris haka yake a ƙaro masa.

Aka yi dariya. Raihana ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon kofin kamar an mare ta, don ta san abin da idonta ya gani, kuma ga shi an mayar da ita mai sharri a tsakiyar kasuwa. Hawaye suka cika mata ido.

Maikano ya gani, ya kori masu dariyar da hannu. "Malama, ban ce kin yi ƙarya ba, amma ni ma ban yi ba. Ga wata, ta wani kamfani daban, ita ma ƙarama mai gilas, ko buɗe kwalinta ba a yi ba. Tafi da ita. In ita ma ta yi, to ki zo mini da abin in gani da idona, don daga nan sai dai a kira malamai."

Ta dawo gida wajen hantsi ta tarar Sista Kaltume ta leƙo. Nas ɗin ta ce zaman ɗaki ma ciwo ne, suka kama Goggo su biyu suka fito da ita tsakar gida, suka jingina ta da filo a kan tabarma a inuwar katanga. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya ƙara tsinka wa Raihana zuciya ke nan.

"Gobe da safe zan zo da mota," in ji Sista Kaltume a bakin ƙofa, ta tafi aiki.

Raihana ta shiga kicin da sabuwar bilenda. Ta wanke, ta yi bisimilla, ta tofa addu'a har a jikin wayar. Ta gutsura fura, ta ɗebo kindirmo, ta zuba ruwan randa, ta danna. Ta juya baya tana yanka albasa don kada ta kalla. Ta kashe, ta kunna, ta kashe, ta kunna. Sannan ta buɗe.

Ya fi na jiya. Wannan karon har ya dunƙule, wani guntu kamar ƙwan zabuwa yana yawo a sama.

Ba ta yi salati ba ma. Inji biyu, kamfani biyu, abu ɗaya. Tunani iri-iri ya zo mata, har da wanda ba ya kyautu ga mai ilimin addini, wai ko wani ne ba ya son tsohuwar ta tashi. Ta manta da Maikano da cewar a kai masa ya gani, ta manta Goggo na tsakar gida. Ita dai abin ya bar mata kicin. Ta ɗauki kofin da hannu biyu ta fito da sauri ta nufi kwata, ta karkata shi, farar fura ta fara zuba a kan baƙin ruwa.

"Ke!"

Kofin ya kusa suɓuce mata. Muryar ta fito a karkace, amma ta cika gidan, har kajin maƙwabta suka amsa. Raihana ta waiwaya. Goggo ta ɗago daga jikin filo da ƙarfin hannu ɗaya, mayafi ya zame, idanunta a waje.

"Nono? Nono a kwata? A gabana?"

Ta bi da wani dogon faɗa da Fulatanci wanda Raihana ba ta tsinci komai a ciki ba sai sunan Allah. A gidan su Goggo ko ɗigo ne ya zuba a ƙasa garin tatsa sai an sa hannu an shafe, wanda ya lalace kuwa a ba maraƙi ko kare, amma ba a haɗa nono da ƙazanta. Raihana ta taɓa ji a bakin mijinta, ba ta ɗauka abin ya kai haka ba.

Ta zo ta durƙusa da kofin a hannunta. "Goggo, ki yi haƙuri, ba mai shayuwa ba ne. Injin ne ke zubo mai a ciki. Giris ne, Goggo, guba ne."

"Kawo."

"Goggo, wallahi..."

"Na ce kawo."

Ta miƙa. Goggo ta leƙa cikin gilas ɗin, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsan hagu ta lakato gudajin, ta murza, ta sunsuna. Kafin Raihana ta ankara, ta kai baki ta lashe.

"Wayyo Allah, Goggo! Tofar! Ki tofar!"

Goggo ba ta tofar ba. Ta lumshe ido tana juya shi a harshe.

"Nebbam," ta ce da yarensu. Ta buɗe ido ta zuba wa surukarta. "Man shanu ne, 'yar birni. Man shanu. Na farar saniyata ce mai karyayyen ƙaho, ko a mafarki na san shi."

Raihana ta zauna daɓas a ƙasa. Man shanu! Ita da ta san shi curi-curi a cikin ruwa a ƙwaryar masu talla, ko soyayye a kwalba, ba ta taɓa tambayar yadda yake fitowa ba. Sai yanzu maganar Kawu Inuwa ta dawo mata, ba a taɓa shi ba. Nonon kasuwa an riga an kaɗe shi an kwashe man tun a ruga, shi ya sa Maikano zai kwana yana juya shi bai ga komai ba. Ita kuwa kindirmo ta zuba da mansa, ta ƙara ruwan sanyi, ta sa inji ya yi ta kaɗawa. Ta tuna irin tijarar da ta yi wa bawan Allah a gaban jama'a, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Jiya ma na ji kukan abin nan," in ji Goggo. "Ina na jiyan?"

Raihana ta sunkuyar da kai, ta nuna kwata da ido.

"Duka?"

"Duka, Goggo."

Goggo ta dafe ƙirji ta yi salati har sau uku. Sai kuma ta tsaya cak, kamar wadda wani abu ya faɗo wa. Ta sake leƙa kofin.

"Tsaya. Wa ya kaɗa miki?"

"Ba kowa. Injin ne."

"Tun asuba kika sa shi?"

"A'a, yanzu. Ko albasa ban gama yankawa ba."

"Ƙarya kike."

"Wallahi, Goggo."

"Ɗauko shi nan."

Raihana ta jawo doguwar waya daga falo, ta ajiye bilendar a kan kujerar tsugunno a gefen tabarma. Ta juye furar a kwanon sha ta rufe, ta wanke kofin. Goggo ta ce kada a sa fura, kindirmo zalla, ta nuna da yatsa iyakar inda ruwan sanyi zai tsaya. Raihana ta rufe, ta kai hannu za ta danna.

"Cire hannunki. Ina ake taɓawa?"

Ta nuna mata. Goggo ta miƙa yatsan hagu, ya yi ɗan lilo a iska kafin ya sauka. Injin ya yi ƙugi, tsohuwa ta zabura har filo ya faɗi, amma ba ta janye ba. Ta matso da fuska dab da gilas, ta kafa masa ido. Can sai ta kawar da kai ta kara kunne, yadda take yi wa gyanɗama, goran da ta shekara arba'in tana girgizawa a kan cinya.

"Bai yi ba," ta ce da Raihana ta motsa. "Bar shi. Bai yi ba."

Raihana ba ta ji wani bambanci ba, ƙara ce dai kawai. Amma can sai Goggo ta ɗaga yatsa.

"Ya zo."

Ta danna da kanta, injin ya mutu. Aka buɗe. Man ya taru a sama, ya rabu da tsala sarai.

Goggo ta sunkuya a kan kofin. Ta dubi man, ta dubi hannun damanta da ke kwance a cinya, ta kai na hagu ta shafa kafaɗarta.

"Shekara arba'in," ta ce. "Tun kafin rana ta fito har ta kai tsayin mutum, kullum ta Allah. Ina da ciki ina kaɗawa, ina goyo ina kaɗawa. Kafaɗar nan har ƙara take yi. Ashe akwai abin da ke yi da yatsa ɗaya, kuma ba wanda ya gaya mini?"

Wata dariya ta ƙwace mata a karkataccen bakin, hawaye na bin kumatunta. Raihana ta rasa wanne za ta taya ta, sai ta taya ta duka biyun.

Daga nan umarni ya fara sauka. A kawo ƙwarya da ruwan randa. A kwashe man da ludayi, a hankali, ba kamar mai kwasar tuwo ba. A tsame na cikin kwanon furar ma, kada a bar ko ɗigo. Goggo ta sa hannun hagu a ruwan tana tara man a jikin ƙwarya tana mulmulawa. Ya suɓuce mata sau biyu, ta tsawata masa kamar ɗan maraƙi, a na uku ya haɗu. Curin ya fito a ɗan karkace, amma curi ne. Ta ce daga yau a fara cire mai, sannan a dama fura da tsalar, kuma ba sai an bar inji ya yi ta ihu kamar ana yanka shi ba.

Raihana ta bi da furar ta rariya, ta murza a yatsa. Sumul. Ta zuba a ƙaramin kwano, ta ɗauko cokali, ta durƙusa.

"Goggo, ga shi."

Fuskar Goggo ta canza. Ta dubi cokalin, maƙogwaronta ya motsa, tsoron nan na asibiti ya dawo mata ido. A hankali ta juya kai wajen katanga.

Raihana ta ji zuciyarta ta karye. Gobe da safe mota, gobe roba ta hanci. Ta daɗe a durƙushe da kwano a hannu. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe tsaye, ta juya, ta fara takawa a hankali, ba wajen kicin ba.

"Ina za ki da shi?"

"Ai tunda ba za ki sha ba, Goggo. Ni fura ba ta dame ni ba, ga zafi, kafin yamma ta yi tsami." Ta ƙara taku ɗaya wajen kwata.

"Ke! Ke wace irin yarinya ce? Dawo nan! Miƙo, kafin ki ja wa garkena abin da ba zai warke ba."

Raihana ta dawo ta durƙusa. Goggo ta buɗe baki, ta karɓi cokalin farko, ta riƙe shi a baki. Su biyun suka ɗauke numfashi. Maƙogwaron ya yi sama, ya yi ƙasa. Shiru, ba tari.

"Ba gaya," in ji Goggo, kamar ba ta yarda ba.

"Babu, Goggo."

Ta sha na biyu, ta sha na uku. A na goma ta karɓe cokalin da hannun hagu, tana zubar da rabi a zani, tana harara in Raihana ta ce za ta taimaka. Sai da ta ga gindin kwanon ta kankare shi, sannan ta jingina da filo tana mayar da numfashi, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Ki je ki ba mai kantin nan haƙuri," ta ce, idonta a rufe. "Ki kai masa curin nan."

"To, Goggo."

"Ki aika wa Inuwa, gobe ƙwarya biyu zai kawo."

"To."

Raihana ta tattara kwanuka, ta sunkuya za ta ɗauki bilendar ta mayar kicin, gefen risho, inda ta auna mata wuri. Hannun hagun Goggo ya sauka a kan murfin ya danne.

"Bar mini injina a nan," in ji Goggo. "Ke ba ki san lokacin da mai yake zuwa ba."